Ƙarambau Ya Shiga Tsakanina da Shalele

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ƙarambau ne. Likita yana ɗaga rigar 'yata Shalele ya ga ƙurajen bayanta ya faɗa. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a gida, na ce babu, sai dai Inna da wasu ƙuraje masu ruwa suka yi wa ɗamara a haƙarƙarin dama sati biyu da suka wuce. Ya ce ai shi ne. Wai ƙarambau ɗin da mutum ya yi yana yaro ba ya barin jiki, kwanciya yake yi a jijiya, sai girma ya zo ya farka ya fito ta gefe ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba, in ya taɓa ruwan ƙurajen, sabo fil zai ɗauka. To wa ke shafa wa Inna magani safe da yamma in ba Shalele ba? Ni warinsa tayar min da zuciya yake yi, har yabonta nake, 'yar shekara bakwai mai jinyar kakarta.

Saboda asmarta ya rubuta mata maganin ruwa mai rage wa ƙwayar cutar ƙarfi, sau huɗu a rana har kwana biyar. Ya ce mun yi dabara da muka zo a ranar farko, amma kada a tsallake ko sau ɗaya, ƙirjinta ba shi da ƙwari.

Sai ya dube ni. "Ke fa, kin taɓa yi?"

Na ce ban taɓa ba.

"Cikin wata nawa ne?"

Na ce huɗu. Ya ajiye biro. Aka ɗebi jinina, aka ce in nisanci yarinyar har sai ƙurajen sun bushe tas. Shekara goma sha ɗaya muna jiran abin nan ni da mijina Malam.

Na ba ta na farko da hannuna, sannan Malam ya kwaso min katifa zuwa ɗakin ɗinkina da ke bakin ƙofa. Tagarsa tana kallon tagar ɗakinmu, tsakar gida ce kawai a tsakani. Ga keke, ga atamfofin mutane, ga ni.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Auta ta zo. Inna ce ta kira ta a waya, ba tare da ta shawarce ni ba.

Zan rubuta wannan sau ɗaya don kada in ci gaba da maimaita wa kaina. E, Auta ƙanwata ce ta haifi Shalele. Yarinyar tana da wata goma sha ɗaya mijin Auta ya rasu, ta samu aiki a nesa, ta miƙo min ita ta ce, "Yaya, na ɗan lokaci." Ɗan lokacin ya cika shekara shida. Ni na yaye ta, ni na ga fitowar haƙoranta da famfararsu, ni na zauna da ita a asibiti duk ranar da numfashi ya sarƙe. Ni take kira Umma. Ita kuwa Anti ce, mai zuwa sau biyu a shekara da takalman da ba su taɓa yi wa yarinyar daidai ba.

Ta tsaya bakin tagata da jakarta mai taya, tana ƙamshin turare kamar mai zuwa ofis, ta ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, na ɗauki hutun sati biyu." Ita ta yi ƙarambau tun muna yara, ga tabon nan a tsakanin girarta. Lokacin Inna tattara ni ta yi ta kai gidan Gwaggo don kada in ɗauka. Ashe tanadi aka yi min.

Na ce sannu da hanya. Ta ja jakarta ta shige ɗakina, ta rufo ƙofa.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ta dawo bakin taga, gaban rigarta duk ya ɓaci da magani.

"Yaya, ta ƙi sha. Na lallaɓa, na yi mata alkawarin waya, na matse ta, ta tofar. Ke yaya kike yi mata?"

Ina kan keke ina kafa hannun riga. Ban ɗago ba. Na ce, "Ba ta kawai za ki yi. Ai ke ce uwarta."

Ta juya ta tafi.

Ba kishi nake ba. Mutum dai ya zo ya koya, kamar yadda na koya ba wanda ya gaya min.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na ji Shalele tana kuka tana kiran Umma. Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ɓata wuyan rigar matar mai kanti, sau biyu ina farkewa. Tun safe ban ji muryar Shalele ba, tari kawai. Inna ta fito tana dafe da haƙarƙari ta zauna a kujerar tsakar gida. Nata ƙurajen sun bushe tun tuni amma zafin bai tafi ba, ta ce ko riga ta goge wurin kamar an ɗora garwashi. Likitanta ya ce da ta zo cikin kwana ukun farko da magani ya fi yi mata aiki, ita kuwa sai da ta yi kwana shida tana shafa man zafi tana cewa sanyi ne.

Ta ɗaga murya yadda zan ji. "Wai ke, ba wata dabara da kike yi wa yarinyar nan?"

Na ce wace dabara, Inna, magani ai magani ne.

Ta yi min kallon da take yi min tun ina ƙarama in na ɓoye abu a bayana. Na sa ƙafa na taka keke.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Malam ya dawo daga makaranta, ya leƙa Shalele, ya zo ya tsaya a ƙofata ko jakarsa bai ajiye ba. Shi ba mutum ne mai faɗa ba, shi ya sa maganarsa ke zafi.

"Sau biyar ke nan ba ta haɗiye maganin ba. Jikinta ya yi rau, ƙirjinta ya fara ƙara. In ba ta sha na yanzu ba asibiti za mu, su kwantar da ita su sa mata ta jijiya. Ke kika san hanyarta."

Na ce ai uwarta tana nan.

Ya ce, "Da wa kike faɗa? Ki duba sosai ki ga a kan wa yake sauka."

Na tashi na leƙa taga na ƙwala wa Auta kira. Ta zo, idanunta sun yi ja. Na gaya mata duka. Shalele ba ta shan magani in ana kallonta, tun tana 'yar shekara uku. A zuba a murfin filas ɗin nan shuɗi, ba a cokali ba. A ajiye a kan kujera 'yar tsugunno kusa da gado, a juya mata baya a kama ninke kaya, a yi ta zancen wani abu daban, kyanwar maƙwabta ko malamar ajinsu. Za a ji ta ajiye murfin, ƙwas. Kada a tambaye ta ko ta sha, kada kuma a yabe ta, in aka yaba gobe ba za ta taɓa ba.

Auta ta dube ni ta ce, "Tun jiya kin san wannan, Yaya?"

Na ce ki yi sauri, lokaci yana wucewa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ta sha. Na jiya da yamma, da na dare, da na safe. Likita ya ce a waya a ci gaba, a cike kwanakin.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Abu ɗaya da nake da shi wanda ita ba ta da shi, na miƙa mata shi ta taga.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sakamakon jinina ya fito, babu alamar jikina ya taɓa sanin cutar. Likita ya ce allurar rigakafi ba a yi wa mai ciki, sai bayan na sauka. Ya rubuta min ƙwayoyi in fara a rana ta bakwai, in sha sati guda, in kuma sa ido a jikina har kwana ashirin da ɗaya. Ko ƙurji ɗaya na gani in taho. Yanzu duk cizon sauro sai na kai shi gaban madubi.

Zazzaɓin Shalele ya sauka. Na san ya sauka domin dariya nake ji, irin wadda take yi har da shaƙuwa. Me Auta ke faɗa mata haka? Auta da ko labari ba ta iya bayarwa ba, tun muna yara daga ƙarshe take farowa.

Da hantsi Auta ta ɗago ta zuwa taga don ta gaishe ni. Fuskar duk farin maganin ƙaiƙayi, ɗige-ɗige kamar zabuwa. Ta ɗaga min hannu sau ɗaya ta ce, "Umma, Anti ta yanke min farce ban yi kuka ba!" Kafin in buɗe baki ta juya ta koma. Ni tun asuba nake jiran wannan leƙen.

Ba kishi nake ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Auta ta zo da katin asibitin yarinyar a hannu. Wai tana neman takardar asma ne ta gani.

"Yaya, nan an rubuta bara cewa an ba da shawarar rigakafin ƙarambau. Ba a yi ba?"

Na ce lokacin ba su da ita.

Ta ninke katin ta tafi.

Suna da ita. Bari in rubuta a nan tunda ba mai karantawa. Nas ɗin ta ce allura biyu ce, da tazara a tsakani, yara masu asma sun fi kowa buƙata, ni ma da ban taɓa yi ba in karɓa tun ban samu ciki ba. Shalele na jin kalmar allura ta shige bayan zanena ta ƙanƙame ƙafata. A satin ne Auta ta aiko mata da keken yara ja, kwana uku bakin yarinyar bai huta da Anti, Anti ba. Sai na durƙusa na ce mata, "Ba mai tsira miki allura in dai ina nan." Ta rungume wuyana a gaban kowa. Na so wannan rungumar, na kuwa same ta. Takardar da nas ta ba ni tana nan a aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zaruruwa.

Da an yi mana, da yau ina ɗakina, Auta tana ofishinta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na fara ƙwayoyina. Manya ne, da ƙyar suke wucewa. Ni ba mai juya min baya ya ninke kaya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Inna da Auta a tsakar gida, suna magana ƙasa-ƙasa. Sun manta ɗakin ɗinki ba shi da silin. Auta tana cewa akwai makaranta mai kyau a bayan gidanta, asibiti kuma tafiyar minti biyar. Inna ta ce, "To, ita ma yayarki ga nata yana tafe, hannunta zai cika."

Ga nata yana tafe. Wato waccan ba tawa ba ce, aro ce, an zo karɓa.

Na taka keke da ƙarfi ba ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, har zaren ya cukurkuɗe. Suka yi shiru.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ta shanya kayan yarinyar ba ta juya su ba, rana za ta cinye kalar. Ta ɗaure mata ɗankwali irin nata. Ta canza wa gadon wuri. Ta matsar da filas ɗina daga inda yake shekara shida.

Kuma akwai ƙurji guda da Shalele ta sosa tun ranar da zazzaɓi ya yi tsanani, a tsakanin gira. Inna ta ce zai bar tabo, har tana dariya wai yanzu ba mai tambayar 'yar wace ce. Ranar Alhamis ta sosa shi. Na san ranar.

Kishi nake. To, na rubuta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Duk sun bushe, likita ya ce zan iya shiga. Na yi wanka na sa atamfar da take so, mai zanen kifi. Na tsaya a ƙofar ɗakina ina sallama kamar baƙuwa.

Ta taho da gudu ta faɗa jikina, ta rame, ƙasusuwan kafaɗarta a tafin hannuna. Na ce a raina shi ke nan, ba abin da ya canza. Sai ta ɗago ta ce, "Umma, kin san Mami ma tana da irin tabona?"

Na ce wace ce Mami?

Ta nuna Auta. Auta ta sunkuyar da kai tana gyaran filo, ta ce, "Ita ta raɗa, Yaya, wallahi ban sa ta ba."

Na ce suna mai daɗi. Na zauna minti goma na ce ina da ɗinki.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta same ni a ɗakin ɗinki, ta ture atamfofi ta zauna a bencin masu jira. Na shirya mata tun jiya, na jera duk abin da zan faɗa, daga wata goma sha ɗaya har zuwa yau. Ba ta ba ni dama ba.

"Gobe zan tafi. Ita tana nan."

Na ce ai na ji zancen makaranta.

"Na yi niyya, ba zan ɓoye miki ba. Ranar Alhamis ɗin nan da na gane kin san hanyar maganin kika yi shiru, na rantse ba za ta ƙara kwana a hannunki ba. Har na fara haɗa kayanta." Ta tsaya tana murza wani guntun ƙyalle. "Amma duk lokacin da zazzaɓi ya hau, ni ke riƙe da ita, ke take kira. Ina shafa mata ruwa tana cewa Umma. Kin ɗauka ke kaɗai ke jin abin nan? Shekara shida ina kallon hotunan da kike turo min, tana kan cinyarki, tana bayanki. In na kira waya ta ce Anti ina wuni, ta miƙa miki. Kwana goma kika yi a bakin taga, Yaya. Ni na daɗe a can."

Ban taɓa tunanin wannan ba, ko sau ɗaya. Na buɗe aljihun keke na ciro takardar nas na miƙa mata. Na ce suna da allurar, ni ce na hana.

Ta karanta, ta ce, "Na sani. Na kira asibitin tun ranar Litinin." Ta ajiye takardar a kan keken. "In kin haihu ki je a yi miki. Jaririn ma in lokacinsa ya kai, ko zai tsaga gari da ihu. Na tambayar wa Inna, akwai ta tsofaffi mai hana abin nan dawowa, in ta warke sosai Malam ya kai ta. Hutun makaranta kuma a wurina za ta riƙa yi. Wannan ba roƙo nake ba."

Na ce to.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta tafi. Shalele ta bi motar har bakin titi tana kuka. Na mayar da gado inda yake, na mayar da filas. Na ɗauka zan ji daɗi fiye da haka.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kan Shalele sati biyu ba a taɓa ba sai sama-sama, ya cukurkuɗe, ga ɓawon ƙuraje a fatar kai. Ranar Alhamis za ta koma makaranta. Na zaunar da ita a gabana yadda muka saba, na ɗauko mataji. Ina taɓawa ta fizge.

"Ba haka Mami ke yi ba. Nata ba zafi."

Na ce to yaya take yi?

"Ban sani ba. Ki tambaye ta."

Ni da nake tsefe kan nan tun yana ɗan tsiro. Na ajiye matajin na ce gobe.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gwada da ruwan ɗumi, na gwada da alewa. Ta shige ƙarƙashin gado. Malam ya dubi wayata a kan tebur, ya dube ni, ya fita. Jikina dai lafiya, ba ƙurji ko ɗaya, saura sati guda.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Na kira ta. Na san lokacin aiki ne, wataƙila ma shi ya sa na zaɓe shi, don in ce na kira ba ta ɗauka ba. Bugu ɗaya ta ɗauka.

Na ce, "Auta, kan yarinyar nan. Yaya kike yi mata?"

Na ba ta dama. Na yi shiru ina jiran ta ce ai ke ce Ummanta, da ta faɗa da ban ga laifinta ba.

"Kada ki sa ta ba ki baya, Yaya, tsoron abin da ba ta gani take yi. Ki zaunar da ita tana fuskantarki, ki ba ta madubi ta riƙe. Ki ajiye mataji, da yatsu za ki yi, ki sa mai da yawa, ki faro daga bakin gashi ki hauro. Bayan kunnen hagu akwai guda biyu da ba su gama warkewa ba, ki kewaye su. In ta ce tsaya, ki tsaya da gaske, ki ƙirga goma tare da ita. Af, kuma man yana cikin aljihun jakar makarantarta, na bar miki shi."

Na ce na gode. Ta ce, "Ba komai, ana jirana," ta kashe.

Na duba fuskar wayar, minti biyu ba su cika ba. Ni kwana ɗaya da yini na riƙe tawa dabarar, yarinyar tana tari a ɗaki.

Na zauna na yi kukana ya ishe ni, na wanke fuska, na ɗauko madubi na kira Shalele.